Takalman Alhaji Sun Je Damagaram

Tun da muka dawo daga Damagaram ban sake shan shayi da zafinsa ba. Da na zauna a teburin mai shayi na bakin tasha, kafin in kai kofi baki wani ya jawo benci: "Malam Idi, wai yaya aka yi ne a can?" In na je makaranta malamai su tare ni, in an sallame salla a tsare ni a ƙofar masallaci. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne waɗanda ba su je ba sun fi ni sanin labarin. Shekaranjiya na ji wani tela yana rantsuwa wai raƙumi ne ya tsare mana gida a zagaye na biyu. Don haka na ce gara in rubuta abin da idona ya gani, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Sai na fara da Koci Sale, don tafiyar tasa ce, mu 'yan rakiya ne. Tare muka tashi da shi a Katagum, unguwa ɗaya. In rani ya yi kogi ya janye, a kan rairayin nan muke buga ƙwallon tsumma har a kira magariba, kuma tun a lokacin babu ƙafar hagu irin tasa. Ni na tafi kwalejin horon malamai, shi ƙwallo ta kai shi Kano, ya buga wa ƙungiyar wani kamfani har gwiwa ta ce ta gaji. Da ya dawo gida ya koma horarwa. Ya fara riƙe wata ƙungiya a Dambam, ya ajiye ɗan mai ƙungiyar a benci saboda ba ya zuwa atisaye, aka sallame shi. Ya koma wata a Jama'are, ya gaya wa shugabanta cewa ba daga rumfar manyan baƙi ake canza ɗan wasa ba, nan ma aka ce ya kama gabansa. Ya yi wani zama da ba na son tunawa, yana jiran shagon ƙaninsa, matarsa Hajara tana ƙosai a ƙofar gida.

Sai Allah ya kawo Alhaji Babayo, mai fataucin fata a nan Azare. Ya kafa ƙungiya, ya ɗauki Sale da albashi duk wata, abin da bai taɓa samu ba tun da ya bar Kano. Hajara da yara suka tare a Azare. Daga nan Sale ya koyi haɗiye magana, wanda da ba halinsa ba ne. Ni kuwa mataimakinsa ne, ni ke riƙe da akwatin magani da buhun ƙwallaye, ladana kawai a ce mun ci.

Abu ɗaya ne bai yarda ya bari ba. Duk rani sai ya kwashi 'yan wasan ya kai su gadar Jama'are, su sauka cikin kogi, su yi ta gudu da ƙwallo a rairayi ba takalmi har harshe ya fito. Alhaji ya tsani wannan atisaye. "Koci na ɗauka ko mai ɗiban yashi?" in ji shi. Alhaji mutum ne mai kyauta, hannunsa a buɗe yake, sai dai komai nasa sai ya sa baki, har yadda ake daka yaji a gidansa. Ƙwallo kuwa bai taɓa bugawa ba ko ta tsumma.

Ba a daɗe da buɗe kan iyaka ba abokin cinikinsa na Damagaram ya gayyace mu wasan sada zumunta da ƙungiyar unguwarsu. Alhaji ya dubi kambas ɗin da muke wasa da su, wannan fari, wancan ya yage, wani ma ƙafa biyun ba iri ɗaya ba, ya ce ba da shi za a yi wannan abin kunya a ƙasar mutane ba. Ya kira Oga Emeka na kasuwa, mahaifin golanmu Sunday, ya ce ya sauko masa da takalman ƙwallo na gaske daga kudu, masu haƙora a ƙasa.

Ranar da kwalin ya iso muka taru a ƙofar gidan Alhaji. Baƙaƙe wuluk, sai ƙyalli suke, ƙanshin sabuwar fata ya cika zauren. Aka bar kowa ya zura ƙafa a kan tabarma ya cire, ko taku ɗaya ba a yarda ya yi ba.

Oga Emeka, wanda ya fi wasunmu daɗewa a Azare, ya ce, "Alhaji, ka bari su yi gudu da su tukuna. Sabon takalmi cizo yake."

Koci ya yi ƙasa da murya ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Ko na 'yan kwanaki ne, su saba da ƙafa."

Alhaji ya dube su kamar sun zage shi. "Ku a gidajenku ana sa kayan Sallah kafin Sallah? So kuke su yi futu-futu a filin nan naku, mu je a ce gwanjo muka saya?" Ya sa aka ɗaure kwalin da igiya. Sannan ya nuna Sale da carbinsa. "Koci, ka ji ni da kyau. Ba wanda zai taka filin mutane sai da takalmin nan, fes kamar yadda ya zo. In kuma muka ji kunya a can, akwai wani koci a Jos da aka yi mini zancensa."

Sale ya sunkuyar da kai. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, Alhaji."

Muka tashi bayan asuba a bas ɗin Alhaji. Shi a gaba kusa da direba, kwalin a ƙarƙashin ƙafafunsa, ya ɗora su a kai kamar kaza mai kwanci. Mu a baya, da ganguna biyu da ba wanda ya iya kaɗawa. Kafin mu wuce Gadau an cinye ƙosan da aka ce na karin kumallon hanya ne. Bayan Kafin Hausa taya ta fashe, aka duba safaya aka tarar ita ma numfashinta ya ƙare tun bara. Sunday da ɗan gabanmu Buba, wani dogon Bafillacen Jama'are, suka gara tayar zuwa ƙauyen da ke gaba. Suka dawo da ita a kan amalanke, da ƙwaryar kindirmo kyauta, don Buba ya yi Fillanci da matar mai facin ya gano kakanninsu sun taɓa shayar da shanu a rijiya ɗaya. Ban taɓa ganin inda Buba ya je bai samo dangi ba.

A Haɗejiya muka ci soyayyen kifi, Koci yana bin kowa yana hana shi ƙari, shi kuwa ko ɗanɗanawa bai yi ba. Na zauna kusa da shi na ce, "Sale, ka ci wani abu mana."

Ya ce, "Idi, kwalin nan ne a cikina."

Muka wuce Gumel muka isa Maigatari ranar kasuwa, raƙuma da shanu sun cika hanya, direba yana ta oda su ko a jikinsu. Ɓangarenmu na iyaka bai ɗauke mu lokaci ba, don jami'in da ke wurin ɗan ƙwallo ne, tambayarsa ɗaya ita ce wa ke buga mana lamba tara. Muka gangara wajen mutanen Nijar, muka tarar da igiya an gicciya tsakanin durom biyu, ofis a rufe. Wani tsoho mai sayar da dabino ya ce mu sami inuwa, ma'aikata sun tafi hutun rana, sai la'asar.

Alhaji ya ce, "Hutu? Yau Juma'a ce ko Lahadi?"

Tsoho ya ce, "Kullum ne, Alhaji. Nan in rana ta take, gwamnati ma kwanciya take."

Ni dai a raina na ce wannan al'ada ta yi, da za a kawo ta makarantarmu da ban yi gardama ba. Mu a gida ba ma rufe ofis da rana, mukan bar shi a buɗe ne da hula a kan tebur.

Da la'asar jami'in kwastan ɗinsu, su duwan suke cewa, ya fito fes da shi, ya gaishe mu da Hausa mai daɗi, ya duba takardu, sannan idonsa ya sauka kan kwali. Aka kwance. Ya ɗaga takalmi ɗaya, ya shinshina, ya duba ƙasansa.

"Wannan haja ce, Alhaji. Sabon kaya cikin kwali, kayan kasuwa ne."

"Na 'yan wasa ne!"

"In nasu ne, me ya sa ba ya ƙafarsu?"

Na ji Koci ya matso kamar an tsikare shi. "Alhaji, ka ga mafita ta zo. Su sa daga nan, su taka zuwa cikin gari..."

"A wannan jar ƙasar?" in ji Alhaji. Aka yi ta ja, jami'in bai ɗaga murya ba, bai kuma sauka daga maganarsa ba. Ƙarshe ya ce shi dai doka ta ce kayan mutum su kasance a jikinsa, ba ta ce a ƙafa ba. Haka 'yan wasanmu suka ƙulla igiyoyi, kowa ya rataya nasa a wuya, suka tsallaka iyaka a ƙasa cikin layi, takalma suna reto a ƙirji. Matan da ke tallar fura suka yi ta dariya har ɗaya ta zauna a ƙasa. Da muka wuce igiyar, Alhaji ya tattara kayansa ya mayar kwali.

Hanyar daga nan burji ce mai ƙunya-ƙunya, haƙoranka na sama suna gaisawa da na ƙasa. Kowane gari akwai jandarma da igiyarsa, a sauka, a duba, a hau. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda direbanmu, wanda a gida ba ya tsaya wa kowa sai ya ga bindiga, a nan usur ɗaya ke sa shi taka birki har mu kifa.

Wanda ya tarbe mu a Damagaram shi ne Malam Isufu, malamin makaranta kamata, kuma kocin ƙungiyarsu. Siriri ne mai fara'a, in yana magana hannuwansa sun fi bakinsa aiki. Alhaji ya sauka gidan abokinsa, kwali a biye da shi. Mu aka kai mu makarantar Malam Isufu, su lakwal suke ce mata, yara suna hutu, aka ture bencina aka shimfiɗa tabarmi. Allon cike yake da Faransanci. Na tsaya ina kallonsa, ni da nake dukan tebur a aji, ko harafin farko ban san inda ya dosa ba.

Abinci kam ba a bar mu da yunwa ba. Tuwon gero da miyar kuka irin namu, sai dai sun fi mu sakin hannu da nama. Ga kilishinsu, wanda ba na so in faɗa a gaban mahautan Azare, amma ya fi namu. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa da tauri. Sunday ya ɗauka ya bushe ne, ya kai wa Malam Isufu ƙara a asirce cewa mai burodi ya cuce shi ya ba shi na makon jiya. Malam Isufu ya yi dariya har da hawaye, ya ce yanzu aka fito da shi daga wuta.

Shayinsu kuwa sha'ani ne. Ba irin namu ba da ake cika maka kofi da madara ka tsoma burodi ka tashi. Ɗan mitsitsin kofi ne, a dafa a ƙaramar buta a kan gawayi, a yi ta ɗagawa ana zubawa har ya yi kumfa. Na kurɓi na farko, ɗaci ya kama mini harshe, na yi godiya na miƙe. Malam Isufu ya riƙo rigata. Ashe sau uku ake sha, kuma tashi bayan na farko kamar ka ce wa mai gida hirarsa ba ta yi maka ba ne. Na koma na zauna. Na biyu ya fi sauƙi, na uku zaƙi zalla, kuma kafin a kai gare shi na san sunayen 'ya'yan kowa a wurin.

Ni ma ban tsira ba. Da safen na fita neman filasta, ina wucewa ta gaban wani ofishi sai na ga kowa ya tsaya cak, mai keke ya sauka, mai jaki ya riƙe jakinsa, wata mata da tulu a ka ta daskare. Na ce ikon Allah, me ya sami mutanen nan? Na ci gaba da tafiyata har ina waige. Sai usur. Wani jandarma ya nuna ni, ya nuna sama. Tuta ake ɗagawa. Na ƙame a inda nake, ƙafa ɗaya a gaba, har aka gama. Ya zo ya tambaye ni daga ina, na ce Azare, ya ce ya gane tun daga tafiyata.

Bayan haka Malam Isufu ya kai mu ganin fili. Ba ciyawa ko ɗaya, wannan ba komai ba ne, mu ma namu ba ta da yawa. Amma namu ƙasa ce mai tauri. Nasu rairayi ne, fari, mai laushi, in ka taka sai ƙafa ta nutse har idon sawu. Koci ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya sake ta tana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya dube ni, na dube shi. Kogin Katagum ne sak, ruwan kawai babu.

Koci ya sake gwada sa'arsa wajen Alhaji da azahar. Ban shiga ba, daga zaure na ji amsar: "Koci, na gama magana tun a gida."

Bayan la'asar aka buɗe kwali. Kowa ya sa safa ya sa takalmi ya ɗaure, muka fito. Sai in faɗi gaskiya, Alhaji ya sami abin da yake so. Filin ya cika maƙil, da aka ga takalman sai tafi ya tashi, mai hoto ya yi ta ɗauka. Alhaji yana rumfa tsakanin manyan gari cikin babbar riga, bakinsa har kunne. 'Yan wasansu kuwa yawancinsu takalmin roba ne a ƙafarsu, irin mai ramuka da maɗauri a gefe, wasu ma ƙafa ce zalla. Namu suka riƙa taɓa juna suna ƙunshe dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ana busa usur aka ga bambanci. Masu roba suna shawagi a kan rairayi, namu suna haƙa shi. In ɗan bayanmu ya juya, takalmin sai ya tsaya yin shawara. Yashi ya cika su, fatar ta ƙi lanƙwasa, ga dunduniya tana gurzuwa. Buba, wanda a gida ba a kamo shi, ya koma tafiya kamar kaza a kan ƙasa mai zafi. Aka zura mana ɗaya. Ba mu gama jin zafinta ba aka ƙara ta biyu, Sunday ya tashi zai yi tsalle ƙafarsa ta ƙi fitowa. Da ba don turke ya taimake mu ba da abin ya fi haka. Na saci kallon rumfa, na ga Alhaji ya haɗe rai, carbi yana gudu a hannunsa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci suka zube a gindin wata bedi. Na buɗe akwatina na ce Buba ya cire in gani. Safar ta manne da jini. Na duba na kusa da shi, bororo ya fashe a dunduniya biyu. Duk wanda na taɓa sai ya ja tsaki ya kawar da kai. Ba wanda ya yi ƙorafi, kuma wannan ne ya fi taɓa ni, don sun san halin da kocinsu yake ciki.

Sale yana tsaye yana kallon ƙafafunsu. Can sai ya sunkuya ya kwance kambas ɗinsa, ya cire, ya ajiye gefe, ya tsaya a kan rairayi da ƙafarsa.

"Ku cire," in ji shi.

Suka yi tsuru-tsuru. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Sale, ka tuna da Hajara da yara."

Ya ce, "Na tuna, Idi. Waɗannan ma 'ya'yan wasu ne." Ya ɗaga murya. "Na ce ku cire! Malam Idi, sa musu filasta."

Na ruga wajen Malam Isufu da alƙalin wasa in ji ko an yarda. Suka dube ni kamar na tambayi ko an yarda a sha ruwa. Kafin in dawo Alhaji ya sauko daga rumfa, riga tana jan ƙasa, ya tarar da takalmansa a jere a gindin bishiya.

"Koci! Me nake gani?"

Sale ya rusuna kamar yadda ya saba, amma muryarsa ba ta rusuna ba. "Alhaji, takalma naka ne, mota taka ce, ƙungiya taka ce. Ƙafafun nan kuwa ni aka ba amanarsu. In an tashi ka sallame ni, ba zan ce ka zalunce ni ba. Amma wannan rabin da ya rage nawa ne."

Na daɗe ban ji wannan muryar ba, tun Jama'are. Tsoro ya kama ni, daɗi kuma ya kama ni, ban san wanda ya fi ba. Alhaji ya buɗe baki, ya dubi ƙafar Buba da nake naɗewa, ya rufe. Ya juya ya koma rumfa.

Sale ya tara su. "Kun san wannan ƙasar, a kanta na raine ku. Ƙwallo ba ta gudu a rairayi, kar wanda ya gara ta. Ku ɗaga ta, ku ba juna a sama, gajere gajere. Buba, ka daina jiran ta zo, ba za ta zo ba, je ka same ta. Ku tashi mu je kogi."

Da 'yan kallo suka ga mun fito ba takalmi sai ihu da dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce ko an zo karɓar kayan aro ne. Amma jama'a, abin da na gani bayan nan ba zan manta da shi ba. Kamar an kwance musu dabaibayi. Duk wahalar da suka sha a gadar Jama'are suna zagin Koci a ciki, ranar ta biya su. Masu roba suka fara haki, namu ko gezau. Ƙwallo ta tashi daga ƙirji zuwa cinya zuwa ka, Buba ya same ta kafin ta sauka ya ɗaɗa ta cikin raga. Na yi tsalle na taka akwatin magani, aidin ya zube, ban kula ba.

Ta biyun ma Buba ne, da ka ya ci ta, daga bugun kusurwa. A nan ne na ga Alhaji ya miƙe zumbur, hannu biyu a sama, hula ta faɗi, yana ihun "Buba! Ɗan albarka!" Sai kuma ya tuna fushi yake, ya ɗauki hularsa ya kaɗe ya zauna ya sake haɗe rai. Dab da tashi aka ba su fenariti. Filin ya yi tsit. Ɗan wasansu ya buga ƙasa-ƙasa, Sunday ya faɗi dama, ƙwallo ta bi tsakiya, sai ya miƙo ƙafa ya tare ta da babban yatsa. Ga raƙumin da telan nan yake faɗa. Aka tashi kunnen doki, biyu da biyu.

Mutanen Damagaram sun san ƙwallo, sun kuma san karamci. Suka shigo fili suka ɗaga Koci sama, shi da ba nasu ba. Da aka zauna shayin sallama washegari, wani dattijo ya ce, "Alhaji, ka iya zaɓen mutum." Alhaji ya ce, "Uhm." Iyakar abin da ya fito daga bakinsa ke nan.

Haka muka kamo hanya. A baya ana waƙa ana dukan gangunan nan, a gaba shiru. A iyaka jami'in ya leƙa kwali, ya ga yashi da shatin jini, ya ce yanzu kam sun zama takalma, mu wuce. Har shi Alhaji bai tanka wa ba. Muka wuce Gumel, muka wuce Haɗejiya. Sale yana gefena yana kallon taga. Ya ce mini a hankali, in abin ya tabbata kar in bari Hajara ta ji a bakin mutane, in riga su zuwa. Na ce to. Kaɗan-kaɗan waƙar baya ma ta mutu, don kowa ya san me ake jira.

Muna shiga Gadau Alhaji ya ce wa direba ya tsaya. Ya tsaya. Ba wanda ya motsa. Alhaji bai waiwayo ba, gilashin gaba yake kallo.

"Koci."

"Na'am, Alhaji."

"An aika gida, mutane suna jiranmu a tasha." Ya yi gyaran murya. "Ko za su iya sa takalman mu shiga gari da su? In kana ganin ba matsala."

Tun da na san Alhaji Babayo ban taɓa jin ya nemi izinin wani a kan kayansa ba. Sale ya juya ya bi ƙafafun 'yan wasansa da kallo, ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba.

"Masu ciwo su rataya a wuya, Alhaji, ai sun riga sun iya. Sauran su sa. Amma da zarar ƙafa ta warke, da su za a riƙa atisaye."

"A filin nan naku?"

"A filin nan namu."

"Su yi datti?"

"Har su yage, Alhaji."

Alhaji ya ja carbi. Sannan ya sunkuya da kansa ya kwance igiyar kwalin, ya tura shi baya.

"To. Kai ne koci."

Motar ta kaure da ihu, direba ya danna oda ya ƙi saki. Sale ya dafa gwiwata. Ni kuwa hawaye suka zubo mini, na ce yajin kilishin Damagaram ne, alhali tun a Gumel kilishin ya ƙare.

Wanda yake son ganin takalman ya zo filinmu da yamma. Sun yi futu-futu, na Buba har ya fara buɗe baki. Alhaji yakan zo ya tsaya daga bakin fili, ya dube su, ya runtse ido kamar mai ciwon haƙori, sannan ya tambayi Koci ko akwai abin da ake bukata.